Yadda Gida Zai Tsallake Shekarar Fari a Jihar Maraɗi

Noman damana a jihar Maraɗi ya rataya ne a kan ruwan wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba. A kudu, wajen Madarumfa da Ɗan Isa, abin da ke sauka a shekara mai kyau bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, a arewacin Dakoro kuwa sau da yawa ba ya kai 350. Ƙasar da take haka ba sai ruwa ya ɗauke ɗungum ba kafin a ce an yi fari, domin tsaikon kwana 15 ko 20 a daidai lokacin da hatsi ke ɗaukar ciki ko yake fidda kai ya isa ya bar manomi da kara tsaye babu tsaba. Dattawanmu sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin iyayensu, sun ga 1973 da 1984 da idonsu, mu kuma mun ga 2005 da 2010. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na shekarar da ta gabace ta, buhun hatsi mai kilo 100 ya kai kusan jika 30 a wasu kasuwanni, alhali hatsin yana nan jibge a rumfunan ƴan kasuwa. Kuɗin sayensa ne ya gagari talaka, saboda dabbar da zai sayar ta riga ta rame kuma darajarta ta faɗi.

Wannan shi ya sa nake ganin babban abin da ke karya gida a shekarar fari shi ne jinkirin yanke shawara. Gida biyu za su yi asarar amfanin gona daidai da juna, ɗaya ya fita da gonarsa da awakinsa, ɗayan ya fita da bashi kuma gonarsa tana hannun wani, bambancinsu kuwa yawanci yana cikin abin da kowanne ya yi tsakanin Oktoba da Janairu. Saboda haka bayanin da ke tafe ya bi shekarar ne daki-daki, daga kaka zuwa faɗuwar damana mai zuwa.

Lissafin rumbu tun da kaka

Da zarar an gama ɗaurin damma, kafin a zuba su a rumbu, maigida ya ƙidaya su, sannan ya ɗebi uku ko huɗu daga wurare dabam-dabam na gona a sussuke su a auna da tiya. Wannan awo wajibi ne, domin damin shekarar fari yana iya kai girman na bara a ido amma tsabarsa ba ta kai rabi ba. Hukumomin ƙasarmu suna lissafin cewa mutum ɗaya yana buƙatar kilo 231 na hatsi a shekara. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhu kuwa tiya 40, ke nan gida mai mutum takwas yana cin kusan tiya biyu kullum. A ɗauka cewa gidan ya samu dami 120, kowane dami ya ba da tiya huɗu: tiya 480 ke nan, abincin kwana 240, wato daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu. Daga nan har sabon hatsi ya nuna akwai giɓin wata huɗu, kimanin buhu shida, kuma ba a cire iri da zakka da hidimar suna ko biki ba tukuna.

Wannan lissafi ba na maigida shi kaɗai ba ne. Ya zauna da matansa da manyan ƴaƴansa ya faɗa musu gaskiyar abin da ke cikin rumbu, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma uwargida da take awon yau da kullum ta fi kowa sanin inda tsaba ke zurarewa. A wurin zaman ne za a tsai da wanda zai tafi biɗa da lokacin dawowarsa, da bikin da za a ɗaga zuwa baɗi, da dabbar da za a sayar.

Buhu shidan nan a saye su yanzu, cikin Nuwamba ko Disamba, lokacin da tiya take da sauƙi. Wanda ya bari sai Yuni zai saye su da tsada mai yawa, a lokacin da hannunsa ya fi kowane lokaci bushewa. Irin shuka kuma a ware shi tun farko, a zaɓi zangarniya mai cika daga shukar da ta jure ƙishi ta nuna da wuri, a ajiye shi wurin da ba a buɗewa don abinci, ko da a ɗakin wani amintacce ne. Wake, wanda ƙwaro ke cinyewa cikin ƴan watanni, a busar da shi sosai a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, a matse iska a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ba ya buƙatar magani, kuma waken da aka riƙe zuwa bazara yakan sayu da daraja fiye da wanda aka zubar a kasuwar kaka.

Inda ƙauye yake da bankin hatsi, a tabbatar an cika shi yanzu kuma littafinsa yana buɗe ga kowa, domin yawancin bankunan da suka mutu bashin da ba a biya ba ne ya kashe su. Akwai kuma tsarin ajiyar amfanin gona a magaza mai kwaɗo biyu, ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun mai ba da rance, inda manomi ke karɓar wani kaso na darajar kayansa ya yi sana'a da shi, ya fanshe su wajen Afrilu ko Mayu. Tsari ne mai amfani, sai dai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da batun kuɗin ruwa ba ya tambayi malamai, ya kuma nemi a yi masa bayanin sharuɗɗan dalla-dalla kafin ya sa hannu. Idan gwamnati ta buɗe sayar da hatsi cikin rahusa ta hanyar ma'aikatar OPVN mai kula da rumbunan abinci na ƙasa, wannan taimako ne da ya kamata a nema, amma ba a gina lissafin gida a kansa, tunda ba wanda ya san ranar isowarsa ko yawansa.

Dabbobi: a rage tun suna da nama

Nan ne shawara ta fi ɗaci, nan ne kuma aka fi yin asara. Ga manomi, dabba ita ce asusunsa, ga makiyayi kuwa ita ce sunansa da gadon ƴaƴansa, don haka babu mai son a ce masa ya sayar. Amma ciyawa ma lissafi gare ta. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin fiye da kilo shida na busasshen abinci a rana, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Yuni kuwa kwana 240 ne, wato kusan kilo 1,500 ga saniya guda. Duk wanda ya dubi tarin kara da harawar da ke kan runfarsa, ya dubi halin da makiyayar garinsu take ciki, zai san kai nawa zai iya fiddawa.

Waɗanda suka yi yawa a sayar da su tsakanin Oktoba da Disamba, tun suna ɗauke da naman damana. A fara da tsofaffin shanu da haƙoransu suka cinye, da bijiman da ba na noma ko na barbara ba, da macen da ta daɗe ba ta haihu ba, da bunsuraye da ragunan da suka wuce buƙata. A riƙe ƙananan mata masu lafiya, domin su ne za su sake gina garke, a riƙe shanun amalanke ko jakin da ke ɗebo ruwa, a kuma fifita awaki, tunda akuya tana rayuwa da ganyen itace a inda saniya da tunkiya suke faɗuwa. Jar akuyarmu ta Maraɗi, wadda aka san ta da yawan tagwaye da kyawun fata, tana iya mai da gida kan ƙafarsa cikin shekara biyu. Kuɗin da aka samu kada su kwana a aljihu: a mai da su hatsi, da dusa, da guryar auduga a ranar ko a makon. A 2010 makiyaya da yawa a arewacin jiharmu sun riƙe garkensu suna jiran ruwa, har sai da shanu suka kasa tashi, mahauta suka riƙa sayensu a kuɗin da a shekara mai kyau bai kai na akuya ba.

Abincin da aka tanada a adana shi a inuwa, a saman runfa ko a ɗaki, nesa da gara da rana. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure ta tun tana da koren ganye. Karan hatsi da na dawa a daddatse su ƙanana kafin a ba dabba, domin idan aka jefa mata su ɗungum takan ci ganyen ta tattake sauran. Ana iya ƙara wa kara amfani da takin ure: a narkar da kilo 5 cikin lita 50 na ruwa, a yayyafa a kan kilo 100 na daddatsen kara ana tattakawa a rami ko a ɗaki, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba har mako uku, sannan a buɗe a bar shi ya sha iska kafin a fara bayarwa kaɗan-kaɗan. Wannan abinci na shanu da tumaki da awakin da suka girma ne kawai. Ba a ba doki, ba a ba jaki, ba a ba ƴan maruƙa masu shan nono, kuma ure tsurarsa guba ne ga kowace dabba, don haka karo na farko a yi aikin tare da ma'aikacin kiwo. Ƴaƴan gawo da na kalgo a tara su a daka a gauraya da dusa, a ajiye wa masu ciki da masu shayarwa, a kuma sa musu kanwa ko dutsen lasa.

Rigakafin ciwon huhun shanu da na annobar ƙananan dabbobi, wanda ma'aikatan kiwo ke zagayawa da shi kowace shekara, kada a bari ya wuce, a haɗa da maganin tsutsar ciki, saboda dabbar da ke fama da yunwa ba ta da ƙarfin ɗaukar cuta. A kwashe ledojin da ke yawo a bakin gari, domin dabba mai yunwa tana haɗiye su su cushe mata ciki. A kuma kiyaye gyauron dawa da dawar da fari ya tsumburar tun tana ƙarama, domin ɗanyen ganyenta yana iya kashe saniya cikin sa'a guda. A yankin makiyaya na Dakoro da Bermo, inda gobarar daji guda ke iya cinye ciyawar wata da watanni, a share hanyoyin tare wuta tun ciyawa ta fara bushewa.

Shekarar fari tana sa makiyaya su gangaro kudu da wuri, tun wasu gonaki ba a kwashe su ba, kuma a nan ne fitina ke tashi. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda cikin 1991 ba, inda aka rasa rayukan mutane fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Manomi kada ya nome burtali ko ya toshe hanyar mashaya, makiyayi kuma ya jira ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki. In an yi ɓarna a kai magana gaban maigari da hukumar kula da filaye da ake kira Kofo, a ƙiyasta a biya. Tsohuwar al'adar nan ta manomi ya ba makiyayi masauki a gonarsa da ruwa da ɗan hatsi, shi kuma garke ya kwana ya bar taki, ta fi kowane lokaci amfani a irin wannan shekara.

Aikin gona da rani

Gonar da za ta jure farin baɗi da rani ake gyara ta. Abu na farko shi ne a daina share ta ƙarƙaf: a bar wani kaso na kara a kwance, musamman a wuraren da iska ke kwashe yashi, domin yana tare ƙasa, yana jawo gara ta huda ta, yana kuma rage zafin da ke ƙone sabon tsiro. Na san wannan yana karo da buƙatar dabbobi, shi ya sa rage garke da kaka yake taimakon gonar ita ma.

Na biyu shi ne sassaben zamani, wanda a nan ƙasar Maraɗi ya samo tushe. Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan shekarun da ya yi yana dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara rassa ne na kututturan da saiwarsu take da rai a ƙarƙashin ƙasa. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Wanda yake so ya ga abin da idonsa ya je Ɗan Saga a ƙasar Agye, inda mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu da kansu.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Lokacin sassabe, a kowane kututture na sabara, ko kalgo, ko geza, ko magarya, ko aduwa, a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi tsayi da miƙewa a bar su, a sare sauran. Waɗanda aka bari a cire musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, da wuƙa ko gatari mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A ɗaura musu ƙyalle ko wata alama da za ta nuna suna da mai su, a koma bayan ƴan watanni a cire sabon tohon da ya fito. Ɗan gawon da ya tsiro da kansa a cikin gona a kewaye shi da ƙaya, domin babu itacen da ya kai shi alheri ga manomi: yana zubar da ganye da damana ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya ba dabba inuwa da ƴaƴa, kuma kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na sarari. Amfanin waɗannan itatuwa a shekarar fari a fili yake, tunda gidan da ke da su yana da itacen sayarwa, da ganyen dabbobi, da ƴaƴan ci, ba tare da ya taɓa rumbu ba.

Inda ƙasa ta zama fako, ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga, a haƙa tassa kamar yadda mutanen Tawa suka ƙware: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kusan taku ɗaya, a tara ƙasar da aka fidda ta gefen gangare, a zuba tafi ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki tun kafin ruwa. A fili mai faɗi da ɗan gangare ana yin rabin wata mai faɗin mita huɗu, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Aiki ne mai nauyi da ya fi dacewa da gayya. A jigawa mai yashi kuwa, wadda ita ce mafi yawan gonakinmu, tassa ba ta da amfani sosai, domin iska tana cike ramin kuma yashin dama yana shanye ruwa. A can itace da kara da taki su ne magani.

Ruwan sha da na ban-ruwa

Mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 15 zuwa 20 a rana don sha da girki da tsabta, saniya lita 25 zuwa 40 gwargwadon zafi, akuya ko tunkiya wajen lita huɗu zuwa biyar. Da wannan gari zai iya auna ko rijiyoyinsa za su kai shi Yuni. A yashe rijiya a ƙara mata zurfi tun cikin ɗari, kafin ta fara ba da laka, kuma mai shiga ya shiga da igiya a ƙugu da mutane a sama, bayan an tabbatar akwai iska a ƙasan. Kwamitin famfo ya tara kuɗin gyara a hannu ya sayi kayan da suka saba lalacewa, domin famfon da ya mutu cikin Afrilu yana mai da mata tafiyar sa'o'i da jarka. A arewa, inda rijiya ke wuce mita 60 kuma dabba ce ke jan guga, a tsara layin shayarwa tsakanin masu gari da baƙi tun kafin garkuna su taru, a kuma raba kwamin dabbobi da bakin rijiyar da mutane ke ɗiba.

Idan tilas ta sa an koma ruwan tabki ko na ƙasan rijiya mai gurɓata, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin sa'a. Zawo a jikin yaron da dama bai ƙoshi ba shi ne hanya mafi sauri zuwa tamowa.

Masu gona a fadamar Gulbin Maraɗi, daga Madarumfa zuwa Jiratawa, Tibiri da Gidan Rumji, suna da mafitar da wasu ba su da ita, wato noman rani, wanda gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa bayan farin 1984. Sai dai tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina gulbin bai cika malala kamar da ba, ga injinan ban-ruwa sun yawaita, don haka ruwan ƙarƙashin ƙasa ba abin wasa ba ne. A shuka da wuri, cikin Oktoba ko Nuwamba, don amfani ya nuna kafin zafin Maris, a yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa. A shekarar yunwa ya kamata wani ɓangare na lambun ya tafi ga abin da ke cika ciki, kamar rogo, dankali, masara da wake, tare da zogale wanda ake tsinka duk shekara, maimakon a zuba duka a tumatir da ke faɗuwa a kasuwa rana ɗaya.

Bazara: yara da gona

Daga Afrilu zuwa Agusta ne wahala ke kai maƙura. Kowace uwa ta karɓi igiyar awon damtse a gidan likita ta koyi amfani da ita ga yara daga wata shida zuwa shekara biyar, ta riƙa aunawa kowane mako. Ja a jikin igiyar yana nufin damtsen bai kai milimita 115 ba, kuma a kai yaron likita a ranar. Rawaya ma a kai shi. Haka nan idan ƙafafunsa biyu suka kumbura. Abincin tamowa da ake bayarwa magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na rabawa ko sayarwa ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, a kuma fifita ta da mai ciki wajen rabon abinci. Ganyen tafasa da jiga da zogale da aka busar tun kaka suna ƙara auki, ƴaƴan anza kuwa ba a cin su sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita.

Abin da nake roƙon kowane maigida shi ne ya sa gona a ƙarshen jerin abin da zai rabu da shi. A jihar da jama'a suka yi yawa kamar tamu, gonar da aka sayar a shekarar yunwa da wuya ta dawo. Kafin a kai nan akwai asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a nan Maraɗi cikin 1991, akwai dangin da ke biɗa, akwai zakkar masu hali, wadda kashi ɗaya cikin goma ce ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi. In ba makawa sai jingina, a yi ta a rubuce gaban maigari da Kofo da shaidu, a faɗi kuɗin da sharaɗin fansa. A kuma guji bashin da ake biya da damma da kaka, domin yana cinye amfanin baɗi tun ba a shuka shi ba.

Faɗuwar ruwa

Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu masana yanayi, ciki har da cibiyar Agrhymet da ke Yamai, suna fitar da hasashen damana, gidajen rediyo kuma suna watsa shi da Hausa. A saurara, a yi shiri da shi, tare da sanin cewa hasashe ne na yanki, ba alkawari ba ne ga gonar mutum ɗaya. Kada a zuba duk iri a ruwan farko. A jira ruwan da ya kai milimita 20, ko a tona a ga danshi ya wuce tsawon tafin hannu, kuma ko an yi binne a riƙe irin da zai isa a sake shuka sau ɗaya aƙalla. A raba gona tsakanin irin hatsi na gida da iri mai saurin nuna, kamar HKP da ake samu ta hannun cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da masu sayar da iri, ko Chakti da ke nuna cikin kwana 65 zuwa 70, a kuma saka wake mai gaggawa a tsakani. Takin zamani a sa shi ɗan kaɗan a ramin shuka, gram 2 na DAP ko gram 6 na 15-15-15, a gefe yadda ba zai taɓa irin ba, kuma sai ƙasa tana da danshi. A yi noman farko da wuri, a cire hatsi a bar uku a kowane gindi, domin haki da cunkoso suna shan ruwan da shuka ke buƙata.

Dabbobin da suka rame su ma wannan lokaci ne mafi haɗari gare su, tunda ruwan farko mai sanyi da iska yana kayar da su, sabon tsiron da suke kwasa tare da yashi kuma yana sa su zawo. A kai su tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a yi musu makari, a ci gaba da ba su busasshen abinci da dusa da safe kafin a sake su har mako biyu ko uku. Idan ruwa ya tsaya bayan an yi shuka, jama'a sukan fita sallar roƙon ruwa, kuma haka ya dace. A gona kuwa a dakatar da zuba ure har ruwa ya dawo, a yi noma sama-sama don kashe haki. In shukar ta mutu kuma tsakiyar Yuli ta wuce, kada a sake zuba hatsi mai dogon zango: a mai da gonar ga wake mai saurin nuna ko riɗi, domin ko waken bai yi ƴaƴa sosai ba, harawarsa za ta ciyar da dabbobi ko ta sayu da rani.